Na zaga shagunan burodi da kayan zaƙi na Gusau da ƙafa: ina alkaki da nakiya suka shiga?

Ɗan Sabon Fegi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar na ajiye mashin a gida na taka da ƙafa, daga Kantin Daji na ratsa Sabon Gari, na bi ta Tsohuwar Kasuwa har Kanwuri, don kawai in ga abin da garin nan ke sayarwa na burodi da kayan zaƙi. A bakin titi sababbin shaguna sun yi yawa, masu gilashi da firij da janareta a ƙofa. Kek, donat, askirim, fura da yogot, duk akwai, kuma wasunsu suna da tsabta ƙwarai. Gidajen burodi kuwa yawanci suna cikin lungu, ƙamshi ne ke kai ka. Na tsaya a ƙofar wani ana fitar da gashin yamma, samari na juye gwangwanaye a kan dogon tebur, 'yan mashin sun yi layi da akwatunan katako suna jiran ya huce a sa leda.

A kasuwa na ga tuwon madara, gullisuwa, iloka, kantu da kwakumeti cikin robobi. A wani lungu kusa da Kanwuri na sayi gireba wurin wata dattijuwa a bakin zaure, da ɗuminta, riɗi a samanta, tana marmashewa tun kafin ta kai baki. Ita ce abin da ya fi yi mini daɗi a duk zagayen.

Amma ga abin da ya dame ni. Duk shagon da na shiga na tambayi alkaki, nakiya ko dubulan, amsa ɗaya ce: babu, sai dai ka ba da oda a gidan wance. Yanzu a garinmu ya fi sauƙi ka sami kek mai rubutu a kai da ka sami alkaki guda ɗaya ka ci da shayi. Ni ina ganin wannan asara ce, kuma masu shaguna na da laifi a ciki. Me kuka gani?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, ai alkaki ba abin shago ba ne tun fil'azal. Kayan gara ne, na biki da suna. Ko da muna yara ba a kanti muke ganinsa ba, sai an kai amarya ko an yi haihuwa a raba wa dangi.

Ɗan Sabon Fegi:
Haka ne Hajiya, amma ai ana tallarsa a faranti, ana samu a tasha da kasuwa. Yanzu yaron da ba a yi biki a gidansu ba zai iya girma bai san ɗanɗanon nakiya ba.

Baba Mai Ritaya:
Wanga yaro ya tada muna tsohon zance, Allah shi yi mai albarka. Ku sani burodi baƙo ne a garin ga. Layin dogo da yat taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, saboda auduga da gyaɗa. Jirgin ne ya kawo kamfunna da kantuna da mutanen kudu, Sabon Gari ya cika, kuma ta nan fulawa da sukarin kwali sunka shigo hannun mutane. Iyayenmu zaƙinsu zuma ce da mazarƙwaila da maɗin ɗinya. Alewar ɗinya da kuke gani tana ƙarewa, ita ce mintinmu. Mai alewa ya rataya ta ga turke yana ja yana ninkewa har ta yi haske, yara sun kewaye shi.

Da munka taso, Gusau garin masana'antu ne, ga masaƙa, ga kamfanin man girki, ga gidan gurzar auduga, har masana'antar minti akwai. Ma'aikaci ya tashi aiki da asuba ba ya jiran a dama kunu, sai ya tsaya ga mai shayi. Haka burodi ya kama gari. Sannan na ga lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi wuya ya yi tsada, anka koma noman alkama a wurare irin Bakolori. Mutane ba su bar burodi ba, sun dai yi ta ƙorafi har anka ɗage hanin. Don haka kar ka ɗora wa yaran da sunka buɗe shago jiya laifin abin da ya faro tun kakanninsu.

'Yar Birnin Ruwa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Alewar ɗinya har yanzu ana samu jefi-jefi, amma sai ranar da ka yi sa'a.

Mai Kek ta Tudun Wada:
Yaya Ɗan Sabon Fegi, ka yi haƙuri, ban yarda da cewa muna da laifi ba. Ni na fara da ƙaramin oben a ɗakin girkin mahaifiyata, na koya a waya, yau ina da shago da 'yan mata da ke aiki tare da ni suna samun na kansu. Abin da ake tambaya shi muke ajiyewa. Mai shigowa shagona kek ɗin zagayowar haihuwa yake so, ko na walimar sauka, ko donat na yara. Na taɓa ajiye dubulan da azumi, ya kwana biyu a gilashi ana kallonsa, wanda ya tambayi kuɗin sai ya ce ai na gida ne, me ya sa zai yi tsada haka. Mutum ɗaya zai biya kuɗin yankan kek ba gardama, amma ya yi ciniki a kan dubulan da ya fi kek cin lokaci.

Kuma kar ku ga gilashi ku zaci riba ce zalla. A watan Maris da Afrilu, idan wuta ta ɗauke na awa biyu, adon bota ya narke, aikin yini ya tafi. Fetur ɗin janareta kaɗai ya isa ya cinye ribar rana.

Ɗan Sabon Fegi:
Ƙanwata, Allah ya sa albarka a sana'a. Maganarki ta ciniki gaskiya ce, na sha gani. To amma kwana biyu ya yi kaɗan a gane ko abu zai karɓu. Kek ma ai ba rana ɗaya mutane suka saba da shi ba.

Malamar Asibiti:
Ni abin da ya fi damuna a zagayen nan ba alkaki ba ne, burodin ne kansa, don shi ake ci kullum. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin buromet a burodi fiye da shekara 20 da suka wuce, saboda illarsa ga ƙoda da haɗarin kansa. Haka ma ba ta yarda a sa sakarin a madadin sukari a burodi ba. Amma duk wanda ke cin burodi a ƙasar nan ya san akwai wanda in ka ci, zaƙin ya wuce misali sannan ya bar maka ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. Akwai kuma wanda ya kumbura ya cika leda, in ka matsa shi a hannu ya koma ba komai. Wannan ba hujja ba ce ta cewa an sa haramtaccen abu, gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa, amma ya isa ya sa uwa ta yi hattara.

Ku riƙa duba leda: sunan gidan, adireshi, lambar NAFDAC, ranar da aka yi da ranar lalacewa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ni ba na kai wa yarana.

Sannan in faɗi gaskiya ga ɓangarorin biyu, alkakin da ake kewa tsoma shi ake yi cikin ruwan sukari. Mai ciwon sukari, da shi da kek duk ɗaya ne a wurinsa.

Mai Gidan Burodi:
Hajiya Malama, na ji daɗi da kika ce ba hujja ba ce. Shekaruna da yawa a sana'ar nan, bari in gaya muku yadda take daga ciki. Buhun fulawa mai kilo 50 a 2019 bai kai naira dubu 15 ba. A 2024 ya haura dubu 50. Sukari ya bi shi, bota ta bi, yis ya bi, har ledar da muke sawa. Dalili kuwa a fili yake: kusan duk alkamar da kamfanonin fulawa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita da dala. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira ta faɗi a bayansa. Daga Legas ko Kano kuma mota ce za ta kawo mana, da kuɗin dizal. Mu masu tandar itace ga wata matsalar: dajin da ake saro itace ba kowa ke iya shigarsa yanzu ba, kun san halin da ake ciki, don haka itacen ma ya zama abin lissafi.

To mai gidan burodi yana da hanya uku. Ya ƙara kuɗi, masu shayi su gudu wurin wani. Ya rage girma, a zage shi. Ko ya yi ha'inci a kwaɓi. Ni na zaɓi ragewa, ana zagina, na haƙura. Ban ce babu masu bin ta ukun ba, akwai su, kuma su ne ke kashe mana kasuwa don nasu ya fi girma a ido.

Wani abin da mai saye bai sani ba, yawancin burodin nan bashi yake fita. Mai shayi ya ɗauka da yamma, sai gobe ya biya, wanda ya yi kwantai kuma ya dawo maka da shi. Yarana tun ƙarfe biyu na dare suke kan injin murza kwaɓi. Duk wanda ke son ya gani da idonsa, ƙofata a buɗe take.

Malamar Asibiti:
Allah ya saka da alheri Alhaji. Ragewar ta fi mana. Amma ku riƙa buga ranar gashi a leda, wannan ba ya cin kuɗi mai yawa.

Mai Gidan Burodi:
Yana ci, amma kin yi gaskiya, ya kamata.

Baƙo Daga Birnin Kebbi:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa. Mu da ke kusa da iyaka mun san wani burodin daban. In ka bi ta Kamba ka tsallaka Gaya a Nijar, dogon burodi ne irin na Faransa, bayansa da ƙarfi, cikinsa da taushi, babu zaƙi sam. Mutanenmu da yawa in sun ɗanɗana sai su ce an manta sukari. Wato mu ne muka saba wa kanmu da burodi mai zaƙi da laushi, shi ya sa mai gashi ke neman hanyar zaƙi mai arha. Nakiya kuwa a wurinmu ba ta ɓace ba, tunda shinkafa a ƙofar gida take, amma mu ma a gidaje ake yinta, ban san shagon da ke ajiye ta ba.

Ɗan Kaura:
Kuna ta maganar burodin Faransa kun manta da namu. Hoce fa? Garin dawa, a kwaɓa ya kwana ya yi ɗan tsami, a gasa. Ka samu ƙuli da mai da yaji, ka ci ka sha ruwa, har azahar ba ka neman komai. Ba dala, ba jirgin ruwa. Ɗan Sabon Fegi, a zagayenka ka ga mai hoce?

Ɗan Sabon Fegi:
Na gani a bakin kasuwa, kuma tana da masu saye. Ban sa shi a lissafi ba don ba kayan zaƙi ba ne, amma ka kawo hujja mai kyau: hoce bai ɓace daga titi ba saboda talaka na iya sayen guda ɗaya. Abin da nake nema wa alkaki ke nan.

Uwar Biyu:
Ina so mu yi hankali da kewar tallar faranti. Waɗanda ke ɗaukar farantin nan 'yan mata ne ƙanana, lokacin da ya kamata suna aji. In alkaki zai dawo titi a kan 'yar shekara tara, gara ya zauna a gara. In shago ne ko tebur na babba, to madalla.

'Yar Birnin Ruwa:
Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina.

Inna Mai Alkaki:
Salamu alaikum. 'Yata ce ta karanta mini abin da kuke tattaunawa, ita ke rubuta mini wannan. Ni sana'ata ke nan, na gada wurin mahaifiyata, ita ma wurin tata. Ɗana mai tambaya, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mu. Bari in gaya maka abin da ya sa ba ka ganinmu a shago.

Alkaki ba a yinsa da fulawa. Alkama ake saye tsaba, a tsince, a wanke, a shanya, a kai inji a ɓarza, kar ta yi laushi kamar gari. A murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan abin tsami, a rufe ta kwana. Washegari a sake murzawa har ta yi danƙo, sannan a zauna a naɗa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Nan aikin yake, don in hannunki bai saba ba yana shiga mai zai warware. A soya a wuta marar ƙarfi har cikinsa ya soyu, a tsame a jefa cikin ruwan sukari da aka dafa da lemun tsami ko tsamiya, wanda ke hana shi ƙanƙarewa ya yi fari. Mai hali ya ce a yi masa da zuma. Kwana biyu ke nan a kan abu ɗaya, kuma ba ya yiwuwa a ɗora wannan wahala don guda ashirin. Shi ya sa sai an ce mana kwano kaza muke hura wuta.

Nakiya ta fi shi cin ƙarfi. Shinkafar tuwo za a wanke a shanya a niƙa, a soya garin sama-sama, a haɗa da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a zuba sukari ko zuma da man shanu, a yi ta kirɓawa a turmi har ta haɗe ta yi sheƙi. Mata biyu ko uku ke karɓa-karɓa da taɓarya. In an yi ta da kyau sai ta yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ake kai wa amarya da mai jego. Amma man shanu na gaskiya yanzu sai an sha wuya, don matan da ke kawo mana daga ruga da yawa sun bar inda suke. Wasu sun koma sa man gyaɗa ko bota, ni kuwa in ban samu man shanu ba gara in ce wa mai oda ya jira.

Ba kunyar sayarwa muke ji ba. Jari ne babu, kuma mu matan aure ne a cikin gida, ba mu da mai zama mana a shago. 'Yata kuma makaranta take zuwa, ba zan ɗora mata faranti ba, Hajiya ta yi gaskiya.

Baba Mai Ritaya:
Allah shi ja zamaninki, Inna. Wagga ita ce amsar da anka nema tun farko.

Mai Kek ta Tudun Wada:
Inna, ina wuni. Wallahi ban san ana ɓarza alkama daban ba, dubulan kawai na iya. Da za ki yarda da na zo na koya, ko da biya ne.

Inna Mai Alkaki:
Ki zo 'yata, ba sai kin biya ba. Ki zo da zanen aiki, ranar da nake da oda.

Ɗan Sabon Fegi:
To yanzu na gane inda gizo ke saƙar. Inna na da hannu ba ta da jari da wurin ajiyewa, masu shago na da gilashi da masu shigowa ba su da hannun. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa shagunanmu su ne ya kamata su fara takawa, don su ke da ƙofa a bakin titi. Alkaki da nakiya ba sa buƙatar firij, wuta ta ɗauke ko ta kawo ba ruwansu. A ganina sun fi kek dacewa da shagon garin da ke fama da wuta.

Malamar Asibiti:
In za a yi, a sa a leda ko roba mai murfi, guda biyu ko uku, da ranar da aka yi. Kar a bar shi a buɗe ƙuda da ƙurar hunturu su same shi.

Mai Gidan Burodi:
Ni zan gwada. Ina da kanta a gaban gidan burodina inda masu sayen ɗaiɗai ke tsayawa safe da yamma. Inna, ki yi mini kwano biyu na alkaki, ƙanana yadda mai ɗari biyu ko uku zai iya ɗauka. Zan ajiye wata guda cur, ba kwana biyu ba. In ya tafi mu ƙara da nakiya, in ba wa masu shayina su ma su gwada.

Inna Mai Alkaki:
Alhaji na gode, Allah ya ƙara buɗi. Sai na shawarci maigidana tukuna, in ya amince 'yata za ta sanar da kai. Amma ina da sharaɗi tun yanzu. Kuɗin alkama da mai da sukari za ka bayar kafin in fara, ladan aikina in an sayar. Ba na karɓar kwantai kamar yadda masu shayi ke dawo maka da burodi. Kuma kar a ajiye shi inda rana ke duka ko kusa da tanda, zai yi gumi ya saki.

Mai Gidan Burodi:
Na yarda da na farko da na uku. Na kwantai kuwa sai mun zauna, don ban taɓa sayen kayan da asararsa ke kaina ni kaɗai ba. Ko mu raba biyu?

Inna Mai Alkaki:
A'a Alhaji. Ka rage odar zuwa kwano ɗaya in kana tsoro, amma abin da ya fita gidana ya fita.

Mai Gidan Burodi:
To a fara da kwano ɗaya. Ina jiran saƙon 'yarki.